Gangar Haripada a Cikin Waya

Ketab Ali mai tatsar ruwan dabino ne a ƙauyenmu, kusa da garin Narail. Lokacin sanyi kullum yana bisa itace, tukwane rataye a ƙugu. Amma duk wanda ya san shi, da sanda ya san shi. Tun muna samari, in aka buɗe filin wasan sanda bayan girbin shinkafa, shi ake jira. Ni dai shayi nake sayarwa, amma wajen kallo ba a bar ni a baya ba.

Makaɗinsa ɗaya ne tak, Haripada. In gangar nan ta kama Ketab, sai idonsa ya daina ganin mutane, sandarsa ta gora tana juyawa kamar ba hannu ke riƙe da ita ba. Ya taɓa gaya mini a lokacin ko sunansa ba ya tunawa. Bara da damina Haripada ya rasu. Aka kawo wasu makaɗa, Ketab ya gwada, ya ce ƙafarsa ba ta jin su. Da wasan bana ya matso, aka fara cewa Ketab ya ajiye sanda ke nan. Abin ya dame ni ƙwarai, don ban san wasan da ba shi ba.

'Yarsa Morjina, mai ɗinki a Dhaka, ta zo hutu da wani tsohon bidiyo a wayarta, na wasan da aka yi tun tana makaranta. Da hantsi ta jingina wayar da tulu a bayan rumfata, ta ƙure murya. Ketab ya ɗauki sanda, ya bi kiɗan da ƙarfinsa. Bai yi nisa ba sandar ta suɓuce, ya dafa gwiwa yana haki.

"Wayarki ta haukace, uwata. Haripada ba ya gudu haka."

"Abba, waya ba ta ƙara komai. Yadda ya buga ke nan."

Na ce, "Ko dai ruwan dabinon da ya kwana ya zama giya ka sha?" Ko kallona bai yi ba.

Morjina ta taɓa wani wuri, saurin kiɗan ya ragu. Ya ce a ƙara ragewa, ta rage. Sai ƙafarsa ta ɗauka da kanta. Ya yi ta juyi har shayina ya ƙafe a kan wuta, bai ma san muna wurin ba.

Da ya tsaya ya ce, "Haka yake buga mini kafin ya kwanta ciwo, daidai."

"Na rage shi sosai fa, Abba."

Ya zauna a benci, ya daɗe yana kallon wayar. Tausayinsa ya kama ni.

"Ashe rage mini yake yi, shekara bayan shekara," in ji shi. "Ni kuwa a gaban mutane nake ce masa hannunsa ya mutu. Dariya kawai yake yi."

Ya share fuska da ƙyallen wuyansa.

"Bar shi a haka, uwata. Ranar wasa a haɗa shi da lasifika, zan shiga."