Kwalabe Uku a Firizar Kifi

Ni mai kifi ce. Shekara talatin da ɗoriya ina ɗauko karfasa da giwan ruwa daga Lagdo ina kawowa kasuwar Roumdé Adjia, kuma kaf Garwa ba wanda zai ce ya taɓa sayen ruɓaɓɓen kifi a hannuna. Abin da sana'ar ta koya mini shi ne, a garin nan zafi ne abokin gaba. Duk abin da ba ka so ya lalace, ka binne shi a ƙanƙara. Da wannan ilimin nawa na cuci ɗan yayana.

Yayana masunci ne a Lagdo. Ciwon daji na hanta ya kashe shi bai kai arba'in ba, ya bar matarsa da ciki wata bakwai. Likitan da ya duba shi ya ce mini wata ƙwayar cuta ce ke zama a hanta shekara da shekaru, shiru, sannan ta rikiɗe ta zama daji, kuma tana bin gida. Ya ce akwai rigakafi, allura uku, sai dai a lokacin ba ta cikin waɗanda ake yi wa jarirai kyauta. Sai mutum ya saya a farmasi ya kai wa ma'aikacin asibiti ya yi.

Aka haifi namiji, aka mayar masa da sunan ubansa, shi ya sa ban taɓa kiran sunansa ba, Yaya ƙarami nake ce masa. Na je farmasi na sayi ukun gaba ɗaya, don kada a zo a ce ta ƙare. Mai farmasin ya miƙo mini yana wani dogon Faransanci, na tsinci kalma ɗaya, sanyi. Na ce a raina, ni za a koya wa sanyi? Na zo shago na ɗaga kifi, na tura kwalaben can ƙasan firiza inda ko dutse ka sa sai ya ƙara tauri. Har aka ɗauke wuta kwana biyu, na bar kifina ya saki, na kwashe ƙanƙarar duka na lulluɓe su.

Duk ranar allura sai in ciro ɗaya ta daskare ƙam, in ƙulle ta a bakin zane in hau mota. Kafin mu kai Lagdo ta narke. Ina ganin wani farin abu ya kwanta a gindin kwalbar kamar ƙullun koko, in ce ai ƙarfin maganin ke nan. Ma'aikacin ya girgiza ya zuƙe ya tsira wa jariri. Bai tambaye ni inda na ajiye ba, ni ma ban ga abin faɗa ba. Sau uku haka. Wallahi har gori na riƙa yi wa dangi, ina cewa ni na tsare yaron nan.

Yana da shekara ashirin da bakwai, da matarsa da babur ɗinsa na haya, idonsa ya fara yin ruwan ɗorawa. Ya rame, ciki ya ɗaga. Ina ganinsa na gane, don na taɓa ganin irin wannan cikin.

Likitar da ta karɓe mu a asibiti yarinya ce 'yar Maruwa, tana haɗa Fulatanci da Hausa. Na tare ta a baranda na sauke mata kwandon masifa. Na ce ƙarya kuke yi wa mutane, allura uku na saya masa da hannuna, ina amfaninta? Ba ta yi fushi ba. Ta zaunar da ni ta ce, "Hajiya, allurar nan tana aiki. Ba ƙwayar cutar ba ce a ciki, rigarta ce kawai. Ana ɗauko bayanin yadda ake saƙa rigar a sa wa yis, irin na burodi, shi ya yi ta saƙa ta babu kowa a ciki. Jiki ya ga rigar ya haddace ta, ranar da mai rigar ya zo sai a tare shi a ƙofa."

Ta ce ana manna rigar ne a jikin wani gari mai laushi ƙwarai don jiki ya lura da ita. Zafi kaɗan ba ya kashe ta da wuri. Abin da ba ta jurewa shi ne daskarewa: garin ya dunƙule, ya kwanta a gindin kwalba, allurar ta zama kusan ruwa. Sai ta tambaye ni, "A ina aka ajiye tasa?"

Innalillahi. Na faɗa mata komai, har ƙullun kokon.

Ta kama hannuna ta ce ba lallai ba ne, wataƙila tun ranar haihuwa ya ɗauka daga uwarsa, ba wanda zai iya sani. Na gode mata, amma bai shige ni ba. Ni na ga farin abin nan da idona sau uku, ina murna.

Na tambaye ta ko akwai wata allurar ta yanzu. Ta ce a can ƙasashen waje ana gwada wata, a ɗebi ƙwayar dajin mutum a karanta ta, a haɗa masa rigakafinsa shi kaɗai, amma gwaji ne tukuna. Na ce yaushe za ta iso Garwa? Ta koma duba takardun hannunta.

Muka dawo da shi gidana. Duk wanda ya zo dubiya sai Yaya ƙarami ya ce masa, "Goggo ta yi nata, allura uku ta saya mini ina jariri. Ƙaddara ce." Ni kuwa ina bakin ƙofa ina jin kamar in kurma ihu. Sau nawa na buɗe baki zan faɗa masa, sai in ga wuyansa ya zama kamar sillen kara, in ce ko yana son kunu.

Saura kwana huɗu ya rasu, da hantsi, ya kira matarsa, cikinta ya tsufa. Ya ce mata in ta haihu kada a yi wasa da allurar hanta, a saya tun kafin ranar. Sannan ya juyo da waɗannan idanun ya dube ni.

"Ki ba Goggo ta ajiye," ya ce. "Ita ta iya."

Matarsa ta ce to. Ni ma na ce to.