Ruwan Sabulu a Tukunyar Burki

Shekara goma sha takwas motar Baba ta yi a ƙarƙashin darbejiyar gidanmu na Tambuwal, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Bayan rasuwarsa na ce sai na tayar da ita. Inji ya amsa, taya aka canza, amma burki ko motsi. Aka ce tukunyar burki ce ta ci tsatsa, wadda makanikai ke kira masta, kuma irinta ta ƙare a kasuwa. Sai dai a buɗe ta, a goge cikinta, a sa mata sabbin robobi.

Mutum biyu ke iya wannan aiki. Ɗaya yana bakin tasha nan Tambuwal, hannunsa da sauri, ba ya tambayar tarihin ƙarfe. Ɗayan tsohon makanikin Baba ne a Kebbe, wanda ya gyara burkin nan mako biyu kafin ya tsinke wa Baba a gangare, motar ta daki bishiya. Baba bai sake tafiya daidai ba, sai da sanda, har ya koma ga Allah. Mutanen Kebbe suka ce tsohon ne ya yi aikin banza, suka janye motocinsu ɗaya bayan ɗaya.

To, ƙarya ce, kuma ni kaɗai na sani. Kwana uku kafin hatsarin na ari motar zuwa Sanyinna, ina sabon ango, ina jin kaina. Man burki ya zube a hanya. Wani direba ya ce haba, ka dama garin sabulun wanki da ruwa ka zuba, kowa haka yake yi. Na zuba. Na mayar da mota na yi gum, don ina tsoron faɗan Baba. Wallahi har yau in na ji sanda tana buga ƙasa a zaure, sai gabana ya faɗi, in ɗauka shi ne.

Uwargidana ta ce, "Malam, kai wa na tasha mana, mene ne na shan wahalar hanyar Kebbe?" Gaskiyarta. Sau biyu ina zuwa tashar da tukunyar a ƙunshe cikin tsumma, ina juyowa. Na uku na hau babur na nufi Kebbe.

Na iske tsohon a rumfar da ta rage masa, yana yi wa keke faci. Mutumin da motoci ke layi a ƙofarsa! Kunya ta kama ni kamar in nutse. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya, ya kwance tsumman. Bai ko tambayi ta wace mota ce ba.

Na ce, "Baba, akwai maganar da zan faɗa maka."

"Ta sabulu?" in ji shi, yana leƙa cikin tukunyar. "Ɗan malam, tun ranar nas sani. Da aka jawo mota, kumfa na iske ciki. Na tafi asibiti na gaya wa mahaifinka. Ya kama hannuna ya ce in rufa maka asiri, kada ka rayu ana nuna ka da yatsa."

Na zauna a kan tsohuwar taya. Ashe duk shekarun nan da nake ɗaga Baba zuwa masallaci, ya sani.

Na ce zan tsaya a kasuwa in faɗa wa kowa. Ya yi dariya ba sauti. "Wa za ka faɗa wa? Waɗanda suka guje ni, rabinsu na maƙabarta. Tafi ka sawo man burki. Na gaske fa, ba na wanki ba."

Kwana huɗu ya yi yana goge tukunyar. Burkin yanzu yana kamawa cak. Ranar Juma'a nakan tuƙa motar zuwa Kebbe, in ajiye ta daidai ƙofar rumfarsa, inda masu wucewa za su gani. Har yanzu ita kaɗai ce motar da ke tsayawa a wurin.