Malmalar da Ta Tafi Neman Baƙonta

A gidanmu na zangon Sokode, tatsuniya ba ta jiran a gama wanke-wanke. Ana idar da magariba kakata, wadda muke ce wa Iya, za ta jawo kujerarta bakin murhu, tana kankare ƙanzon tukunya tana ture mu da gwiwa. Kakanninmu fatake ne, don haka har gobe ba a tuƙa tuwo daidai bakin mutanen gida. Dole a ƙara malmala ɗaya, rabon baƙo.

"Ga ta nan tafe, mai kunne ya matso," in ji Iya. "Kai angona, rufe bakin, ba da shi ake ji ba."

Wai wata mata ce a bakin hanyar fatake, kullum tana ajiye rabon baƙo. Idan baƙo bai zo ba, da safe ta wurga shi juji. Rannan malmalar ta gaji, ta ce, "An tuƙa ni da sunan baƙo, sai a aurar da ni ga ƙudaje?" Ta mirgino daga akushi, ta kama hanya. Ta tambayi mai jaki, ya ce ya ƙoshi. Ta tambayi mai goro, ya ce da guzurinsa. Ta zaga gari kaf, ta dawo a galabaice, sai ta ji tari a bayan katangar gidansu. Wata tsohuwa ce, kwananta biyu ba ta ɗora tukunya ba.

"Shekara nawa suna katanga ɗaya," Iya ta ce tana nuna mu da muciya, "amma sai da tuwo ya yi ƙafa."

Mu dai dariyar auren ƙudaje muka yi.

Bayan na gama jami'a na sami aiki a garin Dapaong da wata ƙaramar ƙungiyar kula da muhalli. Aka ce in koya wa matan zango rage zubar da abinci. Na yi mako ina shiri, wataƙila ma shirin ya yi yawa. Na tsaya gabansu na ce kowacce ta ƙirga masu ci kafin ta auna gari.

Maman Sadiya, matar wani mahauci, ta gyara mayafi.

"Ɗan lakwal, kai ɗan boko, a gidanku ƙirga baki ake yi? In baƙo ya yi sallama, sai mu ce masa ba ya cikin takardarka?"

Aka kwashe da dariya, aka fara neman takalma. Na san idan matan nan ba su dawo ba, shirin ya mutu a hannuna, kuma ina jin laifin nawa ne. Ni da aka raina da rabon baƙo, na zo ina ce musu su yi rowa.

Asabar ta gaba 'yan kaɗan suka zo. Na ajiye takarduna, na ba su labarin malmala. Ban iya shi kamar Iya ba.

Maman Sadiya ta ce, "To, tamu ba ta da ƙafa. Mu ne ƙafar."

Su da kansu suka tsara: wadda baƙonta bai zo ba har isha'i, ta kai tasha wurin matafiyan da mota ta kwana da su, ko wurin masu jinya da suka zo asibiti daga garin Korbongou. Abin da ya rage a yi ɗumame, ko a shanya ƙanzo.

Da ina yaro na ɗauka Iya almubazzaranci take tsawatarwa. Yanzu ina zaton ba yawan tuwon ne ya dame ta ba, rashin leƙa maƙwabci ne. Mai yiwuwa har yanzu ban gama fahimta ba, kuma ba zan ce juji ya ragu ba tunda ban auna ba. Amma a taro na uku, sai da muka aro benci daga makarantar allo.