Kunun da Na Aika Gumel

Ina cikin jego a Sule Tankarkar aka kwantar da mahaifina a asibiti a Gumel, don haka ban samu zuwa ba. Duk wanda ya je dubiya ya dawo, amsarsa ɗaya ce: "Jiki da sauƙi." Mu haka muke. Ko mutum na kan gargara, ba mai buɗe baki ya ce jiki ya tsananta. Ni ma na sha faɗa wa wasu hakan, shi ya sa maganar ba ta kwantar mini da hankali ba.

Sai na koma tambayar abin da ido ke gani. Ya tashi zaune? A kwance ya yi salla? Ya gane ku? Mijina ya ce na cika bin ƙwaƙƙwafi. Na ce masa sauƙi ra'ayin mai dubiya ne, ni kuwa labarin ubana nake nema.

Ranar da gwaggona, ƙanwar Baba, za ta je, na dama kunun tsamiya, wanda bai taɓa mayarwa ba, na ba ta a fulas. Da la'asar ta dawo, ta zauna tana yi wa jaririyata wasa.

"Gwaggo, ya jikin Baba?"

"Da sauƙi sosai, 'yar nan. A ganina ma an kusa sallamarsa."

"Ya sha kunun?"

Ba ta ɗago kai ba. Na tashi na ɗauki fulas ɗin da ta ajiye a bayan ƙofa. Nauyinsa na nan yadda na ba ta shi.