Aron Akuya

Matso kusa ka ji, wannan ba kowa nake ba labarinsa ba.

Lokacin da kamfanin ma'adinai na Arlit ya sallami ma'aikata, har da maigidana, fari ya gama da dabbobin makiyaya, tawaye kuma ya koro mutanen. Abzinawa suka kafa bukkokin kwali da langa-langa a bayan katangarmu. Wani saurayi mai shagon hoto a Akokan, nan kusa da mu, da kasuwa ta mutu masa, sai ya riƙa tara yaransu a tsakar gidana, don ni ke da inuwa, yana koya musu ɗaukar hoto. Mushe suke ce masa, wato Malam da Faransanci. Fim ya yi tsada, kowane yaro ɗauka ɗaya tak gare shi.

Ina tankaɗe ina jin su. "Kai, cire yatsanka daga gilashin! Yatsa muka zo gani?"

Kowa ya ɗauki nasa, ban da wata siririyar yarinya. Ran nan ta tsuguna gabana, da 'yar Hausarta da ba ta nuna ba.

"Inna, ka ba ni aron akuya naka."

"Ikon Allah! Ki kai ta ina?"

Ashe kakarta ce ta ƙi biyo su. Tana can wata rijiya wajen iyakar Aljeriya, ba mai ɗebo mata ruwa, ta rantse ba ta zama inda ba ta da abin tatsa. Yarinyar so take ta aika mata hoto, ta ga sun sake yin dabba.

Mushe ya juyo da kan akuyar wajen haske. Yarinyar ta ce a'a, don kowane gida da irin shaidar da yake yanka wa dabbarsa a kunne. "Kaka zai ga kunne. Wannan yanka ba namu ba." Ta sa ƙanenta ya rungume wuyan, kumatunsa ya rufe kunnen, sannan ta danna, ko numfashi ba ta yi.

Wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya tafi da hoton. Kafin azumi sai ga tsohuwa a saman buhuna, ƙashi da fata. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce a nuna mata akuya. Ta kama kunnen, ta shafa, ta daɗe tana dubana. Yarinyar kuwa ƙasa take kallo.

Akuyar nan ita kaɗai gare mu, nononta 'ya'yana ke sha. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Iya, a wurina suka saya, ba su kai ga sake mata yanka ba."

Tsohuwa ta ce a miƙo ƙwarya ta tatsi akuyarta.

Maigida ya yi kwanaki ba ya amsa mini sannu. To kai, da kai ne a tsaye wurin, me za ka ce mata?