Fuskar da Na'ura Ta Sani

Gwaggo Mai Wanki a bakin baho ta tsufa. Da wankau ta ciyar da 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, har sabulu ya cinye zanen yatsunta, suka yi sumul kamar bayan cokali. Harshenta ne kawai sabulu bai iya lallasawa ba.

Abokin gabarta ɗaya ne a duniya, kansilan unguwa. Shi ne ya kafa musu famfo ana gobe zaɓe, ya sha hoto a gindinsa, famfon kuwa ko hawaye bai taɓa yi ba. Gwaggo ta ci gaba da jan guga a rijiyar bayan makaranta har bayanta ya ranƙwafa, kansila kuma kullum shi ke lashe zaɓe.

Da aka ce bana an kawo na'urar tantance masu zaɓe, matattu ba za su ƙara jefa ƙuri'a ba, sai da ta rangaɗa guɗa.

"Mijina zai huta," in ji ta. "Tun da ya mutu bai taɓa fashin zaɓen kansila ba."

Ranar zaɓe ta sa kayanta da suka sha guga, ta shiga ajin da aka jingine bencinansa a bango. Ma'aikaciyar zaɓe, wata doguwa mai tabarau, ta ɗora mata babban yatsa a kan na'ura. Shiru. Aka goge, aka hura, aka bi sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na'ura ta ce ba ta san zancen ba.

"Kada ki damu, Iya, sai mu gwada fuska."

Gwaggo ta gyara ɗankwali, ta saki murmushi irin na uwar amarya. Jar wuta. Ta ƙara faɗaɗa shi har dasashi ya bayyana. Jar wuta.

"In ta ƙi fa, 'yar nan?"

"Sai haƙuri, Iya. Doka ce."

Gwaggo ta ƙura wa na'ura ido. Wato mamaci ya yi ta zaɓe, ita da ranta a ce ba ita ba ce?

Ƙanin mijinta, wani tsohon tela da ke bayanta a layi, ya leƙa katinta. Hoton jiki an ɗauke shi ne ranar da ta wuni a rana tana jiran rajista, fuska kamar hadarin gabas. Sai ya zagaya bayan ma'aikaciyar, ya ɗaga murya.

"Matar yaya, kwantar da hankalinki. Kansila ya ce in ya koma, ke zai naɗa sarauniyar famfo!"

Gwaggo ta haɗe gira, ta zare ido. "Ni? Famfon da ƙadangare ke ƙailula a bakinsa? Kai, tela, wallahi..."

Ƙit! Koriyar wuta.

"Ta gane ki, Iya!"

Aji ya kece da dariya. Gwaggo ta sauke ajiyar zuciya, ta shiga lungu ta dangwala yatsanta mai santsi inda ta daɗe tana niyya.

A waje tela ya ce, "Kin gani? Da wannan fuskar yayana ya yi ta fama. Yau ga shaida."

"Rufe mini baki, mai ɗinkin da hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Allah ya jiƙan yayanka, yau yana kwance, ni na yi zaɓe."

Da ta koma bakin baho, sai ta ɗaure yatsan da leda kafin ta tsoma hannu. Duk tsawon sana'arta, wannan tawadar ce kaɗai tabon da ta ƙi wankewa.