Ɗakin da Aka Sa wa Sakata ta Ciki

Har yau idan na tura sakatar ɗakina ta yi ƙara, sai Kaka ta faɗo mini a rai.

Muna yara a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, akwai wasan kwaikwayo da ake sawa a rediyo duk mako bayan la'asar. An tsinci gawar wani attajiri a ɗakinsa, sakata a ture ta ciki, taga kuma da rodi. Wannan gawa ta raba kan gidanmu tun daga dashen tumatir.

Baba ya ce kwanon rufi makashin ya ɗaga ya diro. Baffana, da yake aikinsa buɗe ƙofar ruwa a kanal, ya rantse ta rariya aka turo maciji, don a ganinsa babu abin da ba ya bin hanyar ruwa. Kaka, mahaifiyar Baba, dariya take yi musu. Ta ce mutumin yana laɓe a bayan ƙyaure, da aka ɓalle ƙofa sai ya shige cikin masu salati. Kunnenta ya yi nauyi, saboda haka ni nake kara rediyon a kunnena ina maimaita mata da ƙarfi. Maigidana take ce mini. Ina tsoron in ƙara ko in rage kalma, har gumi nake yi.

Ranar da za a kammala wasan sai ga labari an sako ruwan kanal a layin gonakinmu, bayan tumatir ya fara yaushi. Wanda ya bari rabonsa ya wuce, sai wani zagayen. Duk wani mai ƙarfi ya ɗauki fartanya, matan ma suka bi da abinci. Aka bar ni da Kaka da rediyo.

Tun da safe na shanya batiran a kan katanga, kamar yadda muke yi idan sun gaji. Ɗan sandan wasan ya tara mutanen gidan, ya ce yau zai faɗi yadda aka yi. Sai murya ta fara dusashewa. Na ciro batiran na cije su, na mayar, ba ko motsi. Na fita da gudu gida-gida, duk masu rediyo suna gona.

Na yi ta tambaya a kasuwar Kura. Wani ya ce maciji ne, wani ya ce kwano, wani ya ce ai ba a sa wasan ba ranar. Ban san wanda ya ji da kunnensa ba.

Ciwon Kaka ya tsananta kafin a fara tsinkar tumatir. Wata rana ta kama hannuna.

"Maigidana, ka ce ni na canka mana. Wa zai kai ka ƙara?"

"Kaka, ban ji ba."

"Kai dai Allah Ya shirye ka," ta ce, ta juya fuska bango tana murmushi. Ba ta sake tambaya ba har ta rasu.

Yanzu 'ya'yana suna irin wannan musu a waya, kuma ba a kwana sai sun san amsa. Na sa su nemo mini wancan wasa, ba su samu komai ba. Wasu ranakun ina ganin da na faranta mata, wasu ranakun ina ganin gara da ban faɗi abin da ban ji ba. Kafin in tura sakata dai, sai na leƙa bayan ƙyaure.